Tambayar Benen Kasuwa

Ranar da ƙungiyar 'yan kasuwa ta zo ta roƙi Malama ta jagoranci muhawarar masu neman kujerar magajin gari, yini ta yi tana dariya ita kaɗai. Ta daɗe tana shugabantar babbar firamaren garin kafin ta yi ritaya, kuma duk 'yan takarar uku ta hannunta suka bi. Injiniya, wanda ya tsufa a hukumar ruwa, ta san shi tun yana yaro mai kuka in an taɓa masa fensir. Lauya kuwa tun tana 'yar mitsitsiya take gardama da malamai a kan maki. Shi ko Kansila, mai manyan motocin dakon yashi, wanda yanzu yake da kujera a majalisar gari, ta sha kama shi yana tsallake katanga.

"Duk ukun ni na share musu majina," in ji ta ga maigidanta, tana gyara masa matashi. "Yau ga shi wai su ne za su riƙe gari."

Maigidan tsohon direban jirgin ƙasa ne. Ɓarin jikinsa ya shanye, magana sai kalma ɗaya ko biyu, amma kunnensa garau. Ya yi mata murmushi da rabin bakin da ke motsi.

Kowa a garin ya san tambayar da ake jira. A daminar da ta wuce wani sabon bene ya rufta a tsakiyar kasuwa da rana tsaka, ya danne masu shaguna da masu sayayya. Kansila ne shugaban kwamitin da ke ba da izinin gini, kuma har yau bai ce uffan ba. Malama ta yi niyyar ta tambaye shi, kamar yadda za ta tambayi Injiniya dalilin da famfo ke tari maimakon ya kawo ruwa.

Saura 'yan kwanaki a yi taron, da hantsi, tana shanya zannuwan gado, sai aka yi sallama. Wani mutum ne tsaf-tsaf, takalminsa na sheƙi, ƙamshin turarensa ya riga shi shiga falo. Ya rusuna ya gaishe ta, ya tambayi mai jiki, ya zauna a bakin kujera kamar ɗan gidan mutunci.

"Ban gane ka ba, ɗana. Daga ina?"

"Daga masu ƙaunarki, Malama. Mun ji an ɗora miki babban aiki. Ki tambaye su ruwa, ki tambaye su shara da magudanai, ki ma tambaye su takardun makarantarsu, wa ya fi ki sani? Amma maganar benen nan, waɗanda suka rasu sun riga sun rasu. Tayar da ita ba zai dawo da kowa ba, sai dai ya ƙara wasu."

"Ya ƙara wasu me?"

Ya ɗaga kai ya ƙura wa hoton da ke jikin bango ido, hoton 'yarta tilo cikin fararen kayan aiki.

"Wannan ce Nas ko? Mai 'yar jar motar nan. Kullum ina ganinta tana gangara tudun asibiti. Ga tsohon ciki, ga gangara, ga manyan motoci suna saukowa da kaya. Wallahi har tsoro nake ji mata. Direbobin yanzu ba birki, ba tarbiyya."

Ya miƙe, ya sake rusunawa, ya ce a gaishe da mai jiki, ya fita. Malama ta tsaya a tsakiyar falo, jiƙaƙƙen zane a hannunta yana ɗiga a kan ƙafarta, ba ta ma ji ba. Ta buɗe tagogi duka, amma ƙamshin ya ƙi fita.

"Wa?" in ji maigidan daga ɗaki.

"Ba kowa, mai neman taimako ne."

Da ta leƙa, sai ta ga idonsa a kanta, hannunsa mai lafiya ya damƙe bargo. Ya ji komai.

Ta kira Nas ta ce ta ajiye motar nan ta riƙa shiga bas. Nas ta kwashe da dariya.

"Haba Mama, da wannan tulun zan kutsa cikin bas? So kike a matse miki jika ya fito kamar man goge baki?"

Malama ta buɗe baki za ta faɗa mata, sai ta tuna likita ya ce jinin yarinyar na hawa, kada a tayar mata da hankali. Ta haɗiye maganar, ta ce to, ta dai riƙa tafiya a hankali.

Ƙaninta, mai shagon ɗinkin littattafai, shi kaɗai ta gaya wa. Ya kashe injinsa, ya ja ta can ciki bayan tarin takardu, ya rage murya.

"Yaya, ki ce ba ki da lafiya, ki janye."

"Ko in je wurin 'yan sanda?"

"Ki ce musu me? Wani ya zo ya gaishe ki, ya ce yana tausayin 'yarki? Dariya za su yi miki, kafin ki iso gida labari ya riga ki."

Daga nan ta wuce ofishin ƙungiya, ta ce wa Sakatare ƙafarta na ciwo, a nemi wani. Sakatare ya kama kai, ya ce an riga an buga sanarwa, gidan rediyo na ta faɗin sunanta, kuma babu wanda ɓangarorin uku suka yarda da shi sai ita. Ta ce za ta yi tunani. Ba ta kai ga cire mayafi a gida ba wayarta ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Muryar mai turaren nan ce, ta gane ta nan take.

"Malama, ya ƙafar? Kada ki janye. In kin janye, ɗan jarida mai rawar kai za su kawo. Mu ke muke so."

Ta zauna a ƙasa, a nan bakin ƙofa. Su biyu ne kawai a ofishin, ita da Sakatare, sai masinjan da ya kawo ruwa. Daga ranar ta daina sanin wa za ta kalla ta yarda da shi. Wata babbar mota ta fara tsayawa a tsallaken gidan da rana, injinta na ruri, direban bai sauko ba, bai kuma sauke komai ba. In tana ba maigidan shayi a cokali ta ji ƙarar birki a titi, sai shayin ya zube masa a riga. Kullum sai ta kira Nas safe da yamma, har yarinyar ta fara cewa, "Mama, ni ce mai ciki ko ke?"

Kafin ranar ta zo, ta gama yanke shawara. Ba za ta yi tambayar ba. Garin ya ce ta tsufa, ya ce an saye ta, ya ce abin da ya ga dama.

An yi taron da yamma a babban ɗakin taro na majalisar gari. Wuri ya cika maƙil, har tagogi mutane ne, fankokin sama na juya zafi kawai. 'Yan rediyo sun shimfiɗa wayoyinsu, ana watsawa kai tsaye. 'Yan takarar na zaune a jere a kan dandamali, Malama a gefe da ƙaramin tebur. Tana ɗaga kai ta ga mai turaren a layin gaba, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ya ɗan sunkuyar mata da kai.

Ta fara da tambayar cancanta, muryarta na fita siririya kamar ba tata ba. Injiniya ya miƙe ya ce shi ƙuruciyarsa duk a hukumar ruwa ta ƙare, babu bututun da ke ƙarƙashin garin nan da bai san inda ya bi ba.

"To ina ruwan?" wani ya yi ihu daga baya.

Ɗaki ya ɗauki dariya. Injiniya ya share gumi, ya ce bututun sun girme shi, kuma duk shekara yana rubutawa a canza su ana yin biris da shi, shi ya sa yake neman kujerar da ake sa hannu. In ya hau, ruwa da magudanai ne farko, kafin a sake yin damina irin ta bara. Da ya ce bara, sai wurin ya ɗan yi tsit.

Lauya ta ce ita a kotu ta yi rayuwarta tana kare masu ƙananan sana'a. Ta ce ciwon garin nan a cikin wannan ginin yake: ma'aikaci ya zo da safe ya rataye hula a kujera ya ɓace, talaka ya yi ta sintiri kan takarda ɗaya sai ya san wani. Za ta buɗe zaman majalisa kowa ya shigo ya ji, kuma duk mai riƙe da ofis zai tsaya gaban jama'a ya faɗi abin da ya yi.

Kansila bai ma tsaya wa makirufo ba, muryarsa ta isa. Ya ce shi ba shi da digiri, Malama ma shaida ce, aka yi dariya. Amma ya san yadda ake sa mutum aiki, gidaje da yawa daga motocinsa suke ci. Tituna zai shimfiɗa, kuma zai gina sabuwar kasuwa, benaye masu tsawo, wadda baƙo zai zo ya ɗauki hoto.

Nan gunaguni ya tashi. Malama na ji ana cewa bene, bene, ƙasa-ƙasa, kamar ƙudan zuma. Idanu duk suka dawo kanta. Ta sunkuyar da kai, ta tambaye su shara. Ta tambaye su fitilun titi. Ta tambaye su asibitin unguwa. Wani dattijo a layi na biyu ya girgiza kai ya yi tsaki, tsakin ya shige ta har ƙashi. Mai turaren kuwa murmushi yake yi.

Da aka zo tambayoyin jama'a, waɗanda Sakatare ya zaɓa suka tashi ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya taɓo maganar. Can layin baya, kusa da ƙofa, akwai wata siririyar mace a tsaye, ta ɗaga hannu. Ba ta kaɗa shi, ba ta kiran kowa, ta dai miƙe shi sama sak kamar 'yar aji. Malama ta gane ta. Ɗalibarta ce ta da, mai shiru-shiru, matar wani tela da benen ya danne. Yanzu zare da maɓallai take sayarwa a kan tebur a bakin kasuwa.

Malama ta kawar da kai. Ta sake dubawa, hannun na nan. Sakatare ya raɗa mata cewa lokaci ya ƙare. Tun da take koyarwa ba ta taɓa tashin aji ta bar hannu a sama ba. Sai kuma wani tunani ya zo mata, ta kama shi da sauri kamar mai nutsewa: ai ni aka hana, in wata ce ta tambaya, ba ni na tambaya ba.

"Ke, ta baya can. Ku miƙa mata."

Makirufo ya bi hannu-hannu har ya isa. Matar ta karɓa ta kai baki.

"Kansila, mijina tela ne, shagonsa na ƙasan benen. Tun ana ginin yake cewa bangon na tsagewa. An ce kwamitinka ne ya ba da izini. Ni dai so nake in ji daga bakinka, ka taɓa zuwa ka duba ginin nan da idonka? Kuma sabon da ka ce za ka gina, wa zai duba shi?"

Kansila ya ce ƙaddara ce. Ya ce ba shi kaɗai ba ne a kwamiti. Aka yi masa caa, a amsa, a amsa, ya je ko bai je ba? Magoya bayansa suka miƙe, wani ya wurgo kujera, mata suka fara kururuwa. A cikin hargitsin Malama mutum ɗaya take kallo. Mai turaren ya tashi a nutse, ya gyara rigarsa, ya dube ta, ya kara waya a kunne, ya fita.

Ba ta san yadda ta sauko daga dandamalin ba. Ta bar jakarta, ta bar tabarau, ta kutsa waje tana danna lambar Nas. Wayar ta yi ta ringin ba a ɗauka ba. Ta sake kira, shiru. Lokacin tashin Nas daga aiki ya yi. Ta tare tasi ta faɗa ciki.

"Asibiti, ɗana, don Allah ka yi sauri."

A gindin tudun motoci suka tsaya cak. Ta hango cincirindon mutane a gaba, da wata babbar mota ta gicciye hanya.

"Inna lillahi," in ji direban, "an kuma."

Malama ta ɓalle ƙofa ta fita. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta hau tudu da gudu, takalmi ɗaya ya fice ba ta waiwaya ba. Tana ture mutane tana cewa ku ba ni hanya, 'yata ce, 'yata ce. Da ta kutsa gaba sai ta ga taya ce ta fashe, yashi ya zube ya rufe rabin titi, direban na tsaye yana zagin yaransa. Ba jar mota, ba jini. Duk da haka zuciyarta ba ta yarda ba, ta ci gaba da hawa har ƙofar asibiti. Ga jar motar a ajiye a ƙarƙashin bishiya. Ta dafa ta, ƙarfen da ɗumin rana.

Nas ta fito daga ɗakin haihuwa da safar hannu, ta ga uwarta ƙafa ɗaya ba takalmi, kallabi ya zame.

"Mama! Baba ne?"

Malama ta girgiza kai, ta rungume ta, sannan ta zauna a kan benci. Wata haihuwa ce ta zo da gardama ta riƙe Nas, wayar kuma na kulle cikin lokar ajiye kayanta. A nan kan bencin ta zayyana mata komai. Nas ta dafe cikinta da hannu biyu, sannan ta kira mijinta. Daga ranar motar ta koma gareji, ita kuma ta koma gidan surukanta a wani gefen gari, mijin ke kai ta yana ɗauko ta.

Babu abin da ya sami Nas. Kan Matar Tela abin ya faɗa. Washegari ƙanin Malama ya zo da labari: da sassafe wata babbar mota ta yi baya ta murƙushe teburin matar, zare da maɓallai suka watse cikin kwata, direban ya ce bai gani ba. Kafin azahar mai gidan da take haya ya ce ta kwashe kayanta, shi ma an kai masa ziyara, yana da iyali.

Malama ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta san abin da ta yi. Ta san abin da ke jiran duk wanda ya yi tambayar, matar ba ta sani ba, amma duk da haka Malama ta sa aka miƙa mata makirufo. Tsoro ya ce mata ta zauna, gidanta ya tsira, kada ta sake jawo ido. Ta yi ta safa da marwa tsakanin falo da ɗaki. Maigidan na bin ta da kallo, can ya tattara ƙarfinsa.

"Je ki," in ji shi.

Ta same ta a bakin titi, zaune a kan ƙullin kaya, 'yan matanta biyu sun lafe a jikinta, maƙwabta na leƙe ta taga ba wanda ya fito.

"'Yata, ni na jefa ki cikin wannan. An zo an ja mini kunne, na ji tsoro, na bar ki ki ɗauka."

"Ni na ɗaga hannuna, Malama. Da ba ki kira ni ba, da ihu zan yi."

"Tashi. Akwai ɗakin Nas, ba kowa a ciki."

"Za su biyo ni gidanki fa."

"Na sani," in ji Malama. "Tashi kafin in canza shawara."

Sun biyo ta kuwa. Har zuwa ranar zaɓe gidan a kulle yake da sakata. An yi musu ruwan duwatsu a kan kwano da rana tsaka, an fasa gilashin tagar falo, yaran suka shige ƙarƙashin gadon maigidan suna kuka. 'Yan matan suka daina zuwa makaranta, Malama ke koya musu a tsakar gida, duk sanda aka ƙwanƙwasa ƙofa sai alli ya faɗi daga hannunta. Ƙaninta ke kawo cefane, sai ya faɗi sunansa ta ramin makulli ake buɗewa. Ko da Nas ta sauka lafiya, a ɓoye Malama ta je ganin jaririn, ta ƙofar baya, ta dawo tana waige-waige.

Amma tambayar ta riga ta fita ta rediyo, ta shiga kowane shago da kowace tasi. Lauya ce ta ci zaɓen, da ƙyar, Kansila na biye da ita. Ta jawo Injiniya ta damƙa masa sashen ayyuka, sannan ta kafa kwamitin binciken benen, ta ce a bainar jama'a za a zauna. Duwatsun suka tsaya, 'yan matan suka koma makaranta. Kansila dai bai bar gari ba, mutanensa ma haka, kuma kowa ya san binciken zai iya ƙarewa a banza.

Aka aiko ana neman Matar Tela ta zo ta ba da shaida. Wasu daga iyalan mamatan sun riga sun ce ba za su je ba. Ranar zaman ta shirya tun da wuri, ta zauna a bakin gado ta kasa tashi. Malama ta leƙo, sanye da mayafinta na fita.

"Malama, ba ke aka kira ba."

"Na sani. Rakiya zan yi."

Suka bar ƙanin Malama da maigidan, suka fita. A ƙofar ginin majalisar mutane sun yi dafifi, wasu fuskokin na tausayi, wasu a murtuke, suna bin su da ido. Matar Tela ta kama hannun Malama a gindin matakala.

"Malama, hannunki rawa yake yi."

"Naki ma. Riƙe ni da kyau, gwiwar nan ba ta son bene."

Suka hau a hankali. Mai gadi ya tambayi wacce ce mai shaida, Matar Tela ta ce ita ce, ya buɗe musu ƙofa suka shiga.